Tambayoyi da amsoshi: me ya sa da'irar lantarkin da ta yi daidai a takarda take ƙin aiki a kan tebur?

Waɗannan tambayoyi sun fi fitowa daga ɗaliban injiniyancin lantarki na jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha, musamman waɗanda suka kai ga aikin kammala karatu, lokacin da a karon farko ake buƙatar su haɗa na'urar da za ta yi aiki a gaban malamai. Wasu kuma daga masu gyara suke, waɗanda hannunsu ya ƙware amma suke son sanin dalilin abin da suke gani kullum.

Shin abin da ake koyarwa a aji ƙarya ne?

Ba ƙarya ba ne. Dokar da Georg Ohm ya wallafa a 1827 da dokokin da Gustav Kirchhoff ya kawo a 1845 suna nan daram, kuma babu injiniyan da ke zana da'ira ba tare da su ba. Abin da ke faruwa shi ne, domin ɗalibi ya iya kama darasi, sai a cire masa duk abin da zai dagula lissafi: a ce waya ba ta da turjiya ko kaɗan, batir yana ba da bolt 12 ko me aka ɗora masa, dayod, mai barin wuta ta bi ta hanya ɗaya kawai, yana cin bolt 0.7 a kowane hali, zafi kuma ba ya cikin zance. Wannan sauƙaƙawa tana da amfani, domin wanda aka jibga wa komai a rana ɗaya ba zai koyi komai ba. Inda ake yi wa ɗalibi rashin adalci shi ne a bar shi ya kammala karatu ba a taɓa nuna masa iyakar kowace sauƙaƙawa ba, wato wurin da abin da aka yi watsi da shi yake girma har ya zama shi ne mai iko da da'irar. Aikin mai zana da'ira kusan duka a wannan iyaka yake: ya san abin da littafi ya ajiye a gefe, ya sa masa lamba, sannan ya yanke hukunci ko lambar ta isa a damu da ita.

Na sayi rezisto mai om 1,000, mita ta nuna 970. An cuce ni ne?

Ba a cuce ka ba. Zoben ƙarshe mai ruwan zinariya da ke jikin rezisto yana nufin kamfani ya yarda darajarsa ta kauce da kashi 5 cikin 100, don haka duk abin da ya faɗa tsakanin 950 da 1,050 halal ne. Kafasita, mai ajiye wuta na ɗan lokaci, ta fi haka sakaci. Irin mai ruwan sinadari a ciki, wadda masu gyara ke kira kwandensa, yawanci tana kaucewa da kashi 20 cikin 100, kuma darajarta tana raguwa yayin da take tsufa. Wannan ne ya sa ɗalibin da ya lissafa cewa aisin 555 (aisi shi ne ƙaramin guntun da aka haɗe da'ira gaba ɗaya a cikinsa) zai kunna fitila na daƙiƙa 10 yake ganin ta mutu a 8 ko ta kai 12, sai ya koma yana neman kuskure a lissafinsa alhali lissafin lafiya lau yake. Ƙananan kafasitocin tangaran ma suna da nasu halin: mai alamar X7R tana iya sauyawa da kashi 15 cikin 100 saboda zafi ko sanyi, mai alamar Y5V kuwa tana iya rasa fiye da rabin darajarta, kuma dukansu suna ƙara raguwa idan aka ɗora musu bolt mai yawa. Ƙwararren mai zane ba ya tambayar ko da'ira za ta yi aiki da darajar da aka rubuta. Yana tambayar ko za ta yi aiki idan kowane ɓangare ya kauce zuwa mafi munin gefen da aka yarda masa.

Me ya sa ake manna ƙaramar kafasita kusa da kowane aisi, alhali zanen littafi bai nuna ta ba?

Wannan ita ce tambayar da, a ganina, ta fi kowace fito da tazarar da ke tsakanin aji da tebur. A zanen littafi, layin da ya taso daga batir zuwa aisi layi ne kawai, kuma bolt ɗin da ke wannan ƙarshe shi ne a wancan. A zahiri kowace waya tana da halin kwayil, wato tana ƙin sauyin gaggawa a kwararar wuta, kuma ma'aunin da injiniyoyi ke riƙewa a ka shi ne kusan nanohenri 1 ga kowace milimita. Waya mai tsawon santimita 10 ke nan tana da kusan nanohenri 100. Aisin kwamfuta ba ya jan wuta a hankali. Duk lokacin da ya sauya hali yakan fizge ta cikin ɗan lokaci ƙanƙane. Idan ya fizgi miliamfiya 50 cikin nanodaƙiƙa 5, lissafin da aka koya a aji ɗaya da dokar kwayil zai nuna cewa bolt 1 cur ya ɓace a kan wannan waya. Na'urar da ke aiki da bolt 5 ko 3.3 ba za ta jure wannan ba, sai ta riƙa sake tashi da kanta ko ta ba da sakamako na shirme, ɗalibi kuma ya kwana yana zargin manhajar da ya rubuta.

Kafasita mai nanofarad 100 da aka sa dab da ƙafafun aisi tana aiki kamar randar da ke bakin ɗaki: rijiya tana nan a tsakar gida, amma mai ƙishin gaggawa daga randa yake sha kafin a jawo guga. Saboda haka wurin da aka ajiye ta yana da muhimmanci kamar darajarta. Idan aka kai ta can gefen allo da dogayen ƙafafu, an mayar da matsalar da aka sa ta don ta magance.

Wannan hali na kwayil shi ne kuma yake kashe taransiston da ke kunna rile, wato makunnin da maganaɗisun kwayil ke buɗewa da rufewa. Da zarar an yanke wuta, kwayil ɗin rilen yakan harba bolt mai yawa a baya, kuma dayod guda da aka gicciya masa ya isa ya shanye harbin. Yawancin ɗalibai sai sun ƙona taransisto kafin wani ya gaya musu.

Na sa aisin 7805 don in sauko da bolt 12 zuwa 5, amma yana zafi har yana yankewa. Jabu ne?

Yana iya zama na gaske. Wannan aisi ba ya juya rarar bolt zuwa wani abu mai amfani, ƙona ta yake yi ta zama zafi. Idan na'urarka tana jan rabin amfiya, rarar bolt 7 sau rabi ta ba da wat 3.5. Ba tare da ƙarfen sanyaya ba, jikin irin wannan aisi yana hawa da kimanin digiri 50 zuwa 65 ga kowane wat, don haka wat 3.5 zai nemi ya kai shi sama da digiri 200, alhali iyakar aikinsa 125 ce. Yankewar da kake gani kariya ce da aka gina masa don kada ya ƙone. A nan yanayin ƙasarmu yana shiga lissafi kai tsaye, domin yawancin alƙaluman da kamfanoni ke bugawa a digiri 25 aka auna su, ga shi kuwa a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai iskar Afrilu kan wuce 40, cikin rufaffen akwatin roba kuma abin ya fi haka. Mafita ita ce ƙarfen sanyaya mai girman da aka lissafa, ko a rage bolt ɗin da ke shiga, ko a koma ga na'urar sauke bolt mai kunnawa da kashewa cikin sauri, wadda ba ta ɓarnar wuta sosai amma tana kawo nata surutun a cikin sigina.

Littafi ya ce taransisto yana ninka wuta sau 100. Me ya sa nawa bai yi haka ba?

Lambar 100 an zaɓe ta ne don sauƙin rabawa a allo. Kamfanin da ke yin 2N3904 ya yi alƙawarin ninki tsakanin 100 da 300 ne kawai, BC547 kuwa tsakanin 110 da 800, kuma ko taransisto guda ninkinsa yana sauyawa da zafi da yawan wutar da ke bi ta cikinsa. Bolt ɗin da ke tsakanin ƙafar shiga (base) da ta fita (emitter) shi ma yana sauka da kusan milibolt 2 ga kowane digiri. Da'irar da aka gina a kan wani ninki takamaimai za ta yi aiki da taransisto ɗaya ta ƙi da ɗan'uwansa daga leda guda. Shi ya sa ake sa rezisto a ƙafar fita da sauran dabarun mayar da sigina baya, domin halin da'ira ya dogara ga rezistoci, waɗanda ake iya amincewa da su, maimakon taransisto.

Masu haɗa inbata suna gamuwa da wani nau'in wannan matsala. Takardar taransiston IRFZ44N ta ce yana fara buɗewa tsakanin bolt 2 da 4, sai ɗalibi ya ɗauka bolt 5 na Arduino, ƙaramin allon kwamfuta mai sarrafa na'urori, ya wadatar. Amma wannan farkon buɗewa ne, an auna shi da 'yar wuta ƙanƙanuwa. Ƙaramar turjiyar da ake yabonsa da ita sai an ba ƙofarsa bolt 10 ake samunta. A bolt 5 bai gama buɗewa ba, don haka yake zafi. Haka kuma inbata mai wat 1,000 a kan batir mai bolt 12 tana jan wutar da ta doshi amfiya 100, kuma a wannan mataki turjiyar om 0.01 kacal, wadda siririyar waya ko sakakken kusa zai iya kawowa, tana cin bolt 1 tana kuma fitar da zafin wat 100.

Ina batun amfilifaya 741 da kowane littafi yake farawa da ita?

Kamfanin Fairchild ne ya fitar da ita a 1968, kuma ta cancanci girmamawa, amma ba ta kusa da cikakkiyar amfilifayar da ake zanawa a allo. Fitarta ba ta iya hawa fiye da rabin bolt a mikrodaƙiƙa guda, don haka sigina mai tsayin bolt 10 yakan fara karkacewa tun wajen 8 kHz. Idan aka nemi ninki 100, abin da ya wuce kimanin 10 kHz ba zai samu cikakken ninkin ba. Tana da ɗan kuskuren milibolt kaɗan a mashigarta, wanda ninki 1,000 zai mayar da shi bolt masu yawa a mafita tun ba a sa mata sigina ba. An kuma yi ta ne don wuta mai ɓangare biyu, kamar bolt 15 sama da 15 ƙasa, don haka wanda ya ɗora ta a kan bolt 5 na USB zai sha mamaki. Amfilifaya LM358 ta fi dacewa da irin wannan aiki, ko da yake ita ma fitarta tana tsayawa kusan bolt 1.5 ƙasa da abin da aka ba ta.

A kwamfuta da'irata ta yi aiki sarai. Wannan bai isa hujja ba?

Bai isa ba. Manhajojin kwaikwayon da'ira, irin su Proteus da LTspice, sun samo asali ne daga SPICE, wadda aka fitar a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973, kuma kayan aiki ne masu daraja. Sai dai manhaja tana warware lissafin abin da aka gaya mata ne kawai. Idan ba ka sa mata turjiyar waya ba, ko raunin batir, ko zafin ɗaki, za ta ɗauka babu su, kuma za ta bar rezisto mai rubu'in wat ya ɗauki wat 10 ba tare da hayaƙi ya tashi ba. Hanyar da ta dace ita ce ka fara ƙiyasta amsa da biro, sannan ka duba ko kwamfuta ta yarda da kai, sannan ka gina ka auna. Idan ukun suka saɓa, a nan darasin yake, kuma bai kamata a yi gaggawar gaskata allon kwamfuta don kawai ya ba da lamba mai gurbi shida ba.

Yaya ake karanta takardar bayanan da kamfani ke fitarwa?

Da zargi kaɗan. Shafin farko talla ne, kuma lambobin da ke cikinsa a mafi kyawun yanayi aka same su. Jadawalin iyakar ƙarshe yana faɗin inda abu zai lalace ne, ba inda ake so ya zauna yana aiki ba. Misali ƙafar aisin da ke kan Arduino Uno iyakarta miliamfiya 40 ce, amma 20 ake shawartar a tsaya. A jadawalin halaye kuma akwai ginshiƙi uku, mafi ƙaranci da na galibi da mafi yawa, kuma na tsakiyar ba alƙawari ba ne. Ƙananan rubutun da ke faɗin yanayin da aka yi awo, da zane-zanen da ke shafukan baya, su ne suka fi amfani ga mai zane, su ne kuma ɗalibai suka fi tsallakewa.

Ko na'urar awo tana iya yaudarata?

Tana iya, domin da zarar ka taɓa da'ira da ita ta zama ɓangaren da'irar. Mita ta zamani tana da turjiyar megaom 10. Idan ka raba bolt 10 da rezistoci biyu masu megaom 1 kowanne, littafi zai ce 5, mita kuma za ta nuna kusan 4.76, kuma ita ce ta jawo bambancin. Doguwar wayar ƙasa ta osiloskop, na'urar da ke zana siffar sigina a allo, tana ƙirƙiro kaɗawar da babu ita a da'irar. Allon gwaji mai ramuka shi ma yana da 'yar kafasita tsakanin kowane layi da maƙwabcinsa, ga ramukan da suka saki saboda yawan amfani, don haka bai dace da sigina mai sauri ko wuta mai yawa ba.

Akwai abin da yanayinmu ya ƙara a kan wannan duka?

Akwai, kuma littattafan da aka rubuta a Turai da Amurka ba su cika kula da shi ba. A takarda wutar gida a Nijeriya bolt 230 ce mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, amma duk mai sitabilaiza ya san yadda take faɗuwa da yamma, da yadda take dawowa da ƙarfi bayan an ɗauke, ƙaramin janareto kuma saurinsa yana hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. Na'urar da za ta rayu a nan dole a zana ta da faɗin haƙuri a mashigar wutarta. Ƙurar hunturu tana toshe ƙarfen sanyaya, busasshiyar iskarsa kuma tana sa jiki ya tara wutar da kan kashe aisi da taɓawa ɗaya, wani lokaci ma ta raunana shi kawai ya mutu bayan watanni.

Zafi shi ne babba. Ƙa'idar da ake bi ita ce rayuwar kwandensa tana ninkuwa biyu duk lokacin da zafi ya sauka da digiri 10. Wadda aka yi wa alƙawarin awa 2,000 a digiri 85 za ta kai kimanin awa 8,000 a digiri 65, wato ƙasa da shekara guda idan na'urar ba ta hutawa, alhali mai alamar digiri 105 za ta ninka wannan sau huɗu a wuri guda. Bambancin kuɗinsu kaɗan ne, kuma kumburarrun kwandensocin da masu gyaran talabijin ke cirewa kullum shaida ne a kan wanda aka fi zaɓa. Faifan sola ma wat ɗin da aka rubuta masa a digiri 25 aka auna, kuma yana rasa kusan kashi 0.4 cikin 100 ga kowane digiri sama da haka, don haka faifan da ya kai digiri 65 a kan kwano ya yi asarar kusan kashi 16. Sai kuma jabun kaya, waɗanda lambar jikinsu daidai take amma abin da ke ciki ƙarami ne. Wanda zai haɗa abu mai jan wuta da yawa ya kyautu ya gwada guda ɗaya da nauyi na gaske kafin ya sayi dozin.

Ashe ke nan mai gyaran rediyo a kasuwa ya fi mai digiri?

A gano abin da ya lalace, sau da yawa ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma ɗalibin da ya raina shi ya cuci kansa. Amma gyara abin da wani ya zana daban yake da zana sabo, kuma tarihi ya nuna abin da ke faruwa idan gwanin aiki ya yi watsi da lissafi. A 1858 aka shimfiɗa wayar tangaraho ta farko a ƙarƙashin Tekun Atilantika. Saƙo yana tafiya da jan ƙafa, domin doguwar waya a cikin ruwa tana da halin kafasita, abin da William Thomson ya riga ya bayyana da lissafi. Wildman Whitehouse, mai kula da lantarkin kamfanin, bai yarda da wannan ba, sai ya tura wa wayar bolt kusan 2,000, kuma cikin 'yan makonni ta mutu. Sai a 1866 aka samu waya mai ɗorewa, bayan an koma ga kauri da tsarkin tagulla da na'urorin karɓar sigina mai rauni. Duk misalan da suka gabata a wannan shafi, daga waya mai nanohenri 100 zuwa zafin 7805, da lissafin aji aka warware su. Abin da aka rasa shi ne wanda zai ce a yi lissafin a wannan wuri.

Me ɗalibi zai yi tun yana makaranta?

Shirin SIWES na tura ɗalibai koyon aiki a masana'antu, wanda Asusun Horar da Ma'aikata na ITF ya kafa a 1973, an yi shi ne don cike wannan giɓi, amma amfaninsa ya danganta da inda ɗalibi ya zaɓa. Wata shida a ƙaramin shagon da ake haɗa inbata ko gyara allon na'urori sun fi wata shida a babban ofis ana cike rajista. Bayan haka, mita mai sauƙin kuɗi da ƙarfen narka dalma da matattun na'urori sun isa a fara. Ka buɗe tsohuwar caja ko rediyo, ka zana da'irarta da hannunka, ka tambayi kanka aikin kowane ɓangaren da littafi bai ambata ba, domin kamfani ba ya ƙara ko rezisto guda sai da dalili. Ka riƙa rubuta abin da kake tsammani kafin ka auna, ka gina da'ira kashi-kashi kana gwada kowane kashi, kuma idan ta yi aiki ka dumama ta, ka rage mata bolt, ka bar ta a kunne ta kwana.

A kiyaye abu ɗaya wajen buɗe na'urorin da ke shiga soket: wutar bolt 230 idan aka miƙar da ita tana kai wa kusan bolt 325, kuma babbar kwandensar da ke mashigar caja ko talabijin tana iya riƙe wannan bayan an zare waya. A sauke ta ta hanyar rezisto, a tabbatar da mita, kafin hannu ya kai wurin.